Turken Nesa

Shekara goma sha ɗaya Lamba Bakwai yana yanko ƙwallo daga gefen dama, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ya ɗaga kai kafin ya buga. Kansa a sunkuye yake gudu, kamar mai neman allura a ciyawa, har farin layin gefe ya ɓata masa takalmi. Da ya kusa tutar kwana sai ya lanƙwasa ƙafa ya sako ta sama, ta tsallake gola, ta tsallake 'yan baya, ta sauka taku biyu daga turken ragar da ke nesa da shi. A nan Dogo yake jira, mai lamba tara, goshinsa a shirye.

Tun a ƙaramin kulob suka haɗu, mai fili rabi ciyawa rabi tsakuwa. Da wani babban kulob ya ɗauke Dogo shi kaɗai, wasa shida ya yi ko ƙamshin raga bai ji ba, har ya je ofis ya ce musu, "Kun sayi baki kun bar hannun da ke ba shi." Aka sayo Bakwai. Tare suka tsallaka ƙasar sanyi, inda suke atisaye da safar hannu suna zagin juna don jiki ya yi ɗumi. Tare suka sa rigar ƙasarsu sau hamsin da takwas. A tsakiyar haka Dogo ya auri yayar Bakwai, wai don a daina raba musu ɗaki a sansani.

Sai ranar nan, shekara biyu da suka wuce. Ƙwallon ta zarce inda ya kamata da taku ɗaya, taku ɗaya tak. Dogo kuwa bai taɓa ƙyale ƙwallon Bakwai ta wuce ba. Ya miƙe iya tsawonsa, ya same ta, ya kuma sami turke da ƙugunsa. An ci wasan. Dogo bai sake sa takalmin ƙwallo ba.

Daga nan abin ya zama abin dariya, irin dariyar da ke sa ciwon ciki. Sabon mai lamba tara gajere ne mai zafin nama, ana ce masa Guntu, kuma shi turken kusa yake faɗawa a guje. Bakwai ya san haka sarai, an zana masa a allo ya fi a ƙirga. Amma da ƙafarsa ta taka farin layi sai hayaniyar filin ta yi nisa, kamar rediyon maƙwabta, iska ta yi laushi, ya ji wata doguwar inuwa tana tafiya a hankali can ɗaya ɓangaren. Sai ƙafa ta yi abin da ta saba. Ƙwallo ta sauka a fili fetal, ta yi tsalle biyu ta fita waje, Guntu ya tsaya riƙe da ƙugu.

Ranar Laraba kocin ƙasa ya kira shi ofis. Ɗaki ne ƙarami, kujera biyu da fanka mai ƙara, da allon talbijin a bango. Ya kunna masa wasanni uku na baya har suka ƙare.

"Sau goma sha huɗu ka yanko," in ji koci. "Goma sha ɗaya ciyawa ka ba. Ciyawa ba ta cikin tawagata."

Bakwai ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

"Ina ganin girmanka, shi ya sa na kira ka kai kaɗai. Asabar akwai wasan sada zumunta, Lahadi zan fitar da sunayen masu zuwa gasa. Shekararka talatin da uku, ni da kai mun san wata ba za ta same ka ba. Ka ɗaga kai ka duba, shi ke nan roƙona. In ba haka ba, a falonka za ka kalle ta."

Bakwai bai wuce gida ba. Ya bi titin masu walda da rana tsaka, ya karya ta bayan gidan mai, ya tsaya a shagon kayan wasanni da Dogo ya buɗe. Ƙamshin sabuwar roba ya tare shi tun daga ƙofa. Yayarsa tana kan teburi tana ninke riguna, Dogo kuma yana zaune a doguwar kujerarsa, sanda jingine a gefe, yana manna lamba a bayan wata riga da dutsen guga.

"Ga mai ciyar da ciyawa nan," in ji Dogo ko kallonsa bai yi ba.

"Kai ma har ka ji?"

"Wa ya gaya min? Ina zaune a nan ina guga, sai in ji goshina yana ƙaiƙayi, in ce to, ƙanin matata ya sake aiko min da saƙo. Malam, na tashi daga unguwar nan. Ka canza adireshi."

Yaya ta harare shi. "Ka bar min ƙane ya zauna tukuna. Auta, ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka."

Bakwai ya zauna a kan kwalin takalma. Ya daɗe yana kallon ƙwallayen da aka rataya a raga daga rufi, iskar fanka tana juya su a hankali. A cikinsu yake ganin filaye, wani da ruwan sama, wani da fitilu, wani da tutoci, kuma a kowanne akwai dogon mutum yana tashi sama ba gaggawa, kamar ƙasa ce ta sake shi don kanta.

"Ba mantuwa ba ce, Dogo," ya ce a ƙarshe. "Muddin kaina na ƙasa, kana wurin. Ina jin takunka. In na ɗaga..."

Bai ƙarasa ba. Dogo ya ajiye dutsen guga a tsaye.

"In taku ɗayan nan ne yake cin ka, ni na miƙa, ba wanda ya tura ni. Da yau za a sake, haka zan miƙa, ka san ni da kwaɗayi. Kai dai ka je gasar nan. Ɗayanmu ya je mana."

Yaya ta juya musu baya tana gyara rigunan da ta riga ta gyara.

Asabar ta zo da rana mai sanyin haske. Rabin farko ya tafi Bakwai bai sami ƙwallon kirki ba, ɗan bayan da ke tsaronsa ya manne masa kamar ƙaya a zane. Koci yana ta duba agogo, an kuma ta da wani a benci yana motsa jiki. Bakwai ya gan shi, ya kuma san kujerar wa ake ɗumamawa.

Minti na sittin da uku aka zuro masa ita a gefe. Ya taɓa ta sau ɗaya ta wuce ɗan bayan, ya bi ta, takalminsa ya hau farin layi. Nan take filin ya yi masa shirun da ya saba. Ga iskar nan mai laushi. Ga takun nan can nesa, ɗaya, biyu, mai ɗan jan ƙafar hagu. Ƙafarsa ta dama har ta fara lanƙwasa, daɗi ya cika masa ƙirji, don wallahi babu inda yake jin daɗin duniya kamar wannan daƙiƙar.

Sai ya ɗaga kai. Wuyansa ya yi masa nauyi kamar an ɗora masa buhu, amma ya ɗaga.

Turken nesa yana tsaye fari fat. Gindinsa ciyawa ce kore, da wata robar ruwa da gola ya ajiye. Babu kowa. Ya ga haka da idonsa, karon farko cikin shekara biyu, abin ya soke shi. A gefen idonsa kuma ga Guntu ya faɗo turken kusa a guje, hannu a miƙe yana nuna gabansa. Bakwai ya shimfiɗa masa ita a ƙasa, da ƙarfi. Guntu ya sa tsinin takalmi, raga ta girgiza.

Abokan wasa suka rufe Bakwai, wannan ya hau bayansa, wancan ya ja kunnensa. Koci ya ɗaga masa babban yatsa, ya ce wa na benci ya koma ya zauna. Shi dai Bakwai yana tsaye a cikinsu kamar wanda aka tasa daga barcin rana.

A ɗakin canza kaya, bayan kowa ya shiga wanka, ya zauna da takalmi ɗaya a ƙafa ya kira shago. Bugu ɗaya aka ɗauka. Yana jin muryar Yaya a baya tana ta murna da maƙwabta.

"Na gani a talbijin," in ji Dogo. "Sun maimaita sau uku. Ashe kana da wuya."

"Ina da shi."

"Koci ya yi magana?"

"Ya ce in nemo fasfona."

"Madalla." Hayaniyar bayan Dogo ta ragu, da alama ya ja ƙofa. Da ya sake magana muryar ba ta tsokana ba ce. "Da ka duba can wajena, me ka gani?"

Bakwai ya cire ɗaya takalmin. "Ba kowa, Dogo."

Ruwan wanka yana ta ƙara ta bayan bango.

"To," in ji Dogo a hankali. "Ashe ni ma sai yau na bar ƙwallo."