Clodagh Ba Ta Cikin Hoton

Fintan Geraghty ya shigo mana kicin da takalmi duk taɓo, ko gogewa bai yi a bakin ƙofa ba. Kansilanmu ne, amma ni na san shi tun yana yawo da majina, don haka ban motsa daga firar dankalina ba.

"Nuala, ke ce maganinmu," in ji shi. "Duk jam'iyyu sun ce Eh ga gyaran kundin tsarin mulki, har 'yan adawa. Saura mutane su fito ranar ƙuri'a. Hoto ɗaya nake so, ni da ke da Malachy da yarinyar nan, mu buga a takardar da za a raba a ƙofar coci."

Yarinyar nan ita ce Clodagh. Tana shekara uku ofishin kula da yara ya kawo mana ita riƙo, da kayanta a leda, wai na ɗan lokaci. Ranar da Fintan ya zo tana sha shida. Abu ɗaya muke nema ni da mijina Malachy: a mayar da ita 'yarmu a doka kafin ta cika sha takwas. Daga nan an rufe, ba a mayar da babba ɗan kowa.

Abin da ya ɗaure mu kuwa aure ne. Imelda da ta haife ta matar aure ce, ko da yake mijin, wani Furlong, ya tsallaka Ingila tuntuni, ko waya. Kundin tsarin mulkin Ireland yana tattalin gidan aure kamar ƙwai, har wanda ya fashe. Imelda ta sha ce min, "Ku ɗauke ta, ni ba zan iya ba. Ina zan sa hannu?" Babu inda matar aure za ta sa, doka ba ta yarda ta bayar da ɗanta ba. Lauya ya ce sai dai mu nuna ta yasar da yarinyar kwata-kwata, ita kuwa baiwar Allah duk Kirsimeti sai ta hau bas ta zo da cakulan, komai halin da take ciki. In ce mata ta daina zuwa? Bakina ba zai iya ba. Gyaran da za a yi wa kundin shi kaɗai ya rage mana.

"Ni ba a sa ni a hoto," in ji Clodagh daga bakin murhu.

Haka ne. Yaron da ke hannun hukuma ba a buga fuskarsa sai da izini, izinin kuma ba nawa ba ne. Duk sanda ƙungiyar ƙwallonsu ta ci kofi, mai hoton jarida ya zo, ita ce ke komawa gefe ta riƙe wa sauran riguna.

Fintan ya buga wa ofis waya a gabanmu, da muryarsa ta manya. Suka ce a'a. Ya ɗan sosa ƙeya, ya miƙa wa Clodagh wayar.

"To ke ɗauke mu mana, 'yar gari."

"Onarabul, ba ka da kunya," na ce.

"Don ita ake yi, Nuala."

Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa. Na cire rigar girki na tsaya tsakaninsu.

"Mama, yi murmushi mana," in ji Clodagh. "Kamar wadda aka kawo wa takardar kuɗin wuta."

Na tsaya a ƙofar coci cikin ruwa ina miƙa wa mutane fuskata. Kowa sai ya ce, "Ai muna tare da ke." Ban taɓa ganin abin da kowa ke goyon baya ba amma ba mai gaggawarsa. Ranar ƙuri'ar, wata Asabar, yawanci ko fita ba su yi ba. Duk da haka Eh ta ci. Malachy, da ba ya kuka ko a jana'iza, ya shiga rumfar itace ya daɗe bai fito ba.

Sai aka kai ƙara kotu kan yadda aka yi zaɓen, komai ya tsaya cak. Mun ci ƙuri'a, amma ba doka. Ofis suka ce mu jira kotu, lauya ya ce mu jira majalisa. Fintan kuwa kullum, "Yana hanya, Nuala," har ya fara tsallaka titi in ya hango ni. Clodagh ta cika sha bakwai, na yanka kek. Na tsani kalandar da ke bangon kicin, na cire ta, kwanaki ba su fasa tafiya ba.

Ta cika sha takwas ana saura 'yan kwanaki wasan ƙarshe na ƙungiyar ƙwallonsu, kotu ba ta ce uffan ba. Riƙon ma ya ƙare ranar. Ba wanda ya zo ya ɗauke ta, tana ɗakinta, tana barin min kofuna a ƙarƙashin gado kamar kullum. A takarda dai ni ba kowan kowa ba ce a wurinta.

Suka ci wasan. Mai hoton jarida ya zo, ta jefar da rigunan mutane a kan ciyawa.

"Yau ba sai an tambayi kowa ba," ta ce. Ta jawo ni da Malachy, ta tsaya a tsakiya da kofin.

Mai hoton ya fito da biro. "Su wane ne ɗinki?"

"Mamata da Babana."

Ya rubuta sunayenmu: ita Furlong, mu biyu Tierney. Ban san wanda ya ga sunayen sun bambanta a gidan jaridar ya ce an yi kuskure ba. Ranar Alhamis na aiki Malachy ya sayo. Ga ta nan a shafin baya, karo na farko a rayuwarta, tana dariya har kunne, hannunta a wuyana. A ƙasa an rubuta: Clodagh Furlong tare da magoya baya.