Abin da Ladidi Ta Zuba wa Raguna

Ladidi ba ta fito daga gida da niyyar yin ƙarya ba. Madam Lubna ce ta tambaye ta, idonta a kan waya, ko ta iya girkin 'yan Labanan, bakin Ladidi kuwa ya riga hankalinta, ya ce ta iya. To, me kuke so ta ce? Shekara goma sha shida ta yi tana dafa wa mutum ɗari biyu shinkafa da wake a ɗakin cin abincin ma'aikatan wani kamfanin jima da ke Challawa, har ranar da aka garƙame ƙofar aka ce kowa ya kama gabansa. Mijinta Malam Inuwa ma a can ya ƙare ƙarfinsa, a sashen da ake jiƙa fata cikin magani, kuma abin da ya fito da shi tari ne kawai. Yanzu daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango.

Shi kuwa kamfanin robar da mijin Madam yake da shi a Bompai yana da ɗan asibitinsa a ciki. Duk wanda aka ɗauka aiki, ko da kukun gida ne, ana yanka masa kati, shi da matarsa ko mijinta. Da likita, da magani, har da tukunyar iskar nan da ake sa wa mai sarƙewar numfashi. Wannan katin Ladidi take bi, albashin ma bai dame ta ba.

Baba Sule, tsohon kukun gidan kuma maƙwabcinsu a Panshekara, shi ya kai ta, don ya gaji zai koma Damagaram. A kwana biyu ya koya mata abu uku ko huɗu: yadda ake markaɗa waken nan nasu da riɗi, da yadda ake yanka ganye sil-sil-sil a matse lemon tsami, da shinkafa mai soyayyar taliya. Ya ce sauran duk hankali ne, ita kuma Allah ya ba ta. Madam ta ce gwajin mako ɗaya ne, ran Juma'a za ta yanke magana. Kwana biyar Ladidi ta yi tana tafiya a kan ƙaya ba ta taka ba.

Ran Alhamis da hantsi Madam ta shigo kicin rungume da kwali, ta ajiye shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ta buɗe. Wasu abubuwa ne kore-kore guda goma sha biyu, kowane ya kai dunƙulen hannun namiji, ganye a kan ganye a rufe ruf, bakin kowane ganye da 'yar ƙaya. Madam, wadda a Fagge aka haife ta kuma Hausa a bakinta kamar ta kowa, ta ce sunansa ardishauki. Mijinta ne ya taho da shi jiya a jakar hannu tun daga Beirut, saboda mahaifiyarsa da ke zaune tare da su. Tsohuwar ta haura tamanin, ba ta iya hawa jirgi kuma, kwanan nan ma abinci ta daina ci, ba abin da take ambato sai ardishaukin garinsu. Lokacinsa kuma ɗan kaɗan ne a shekara, wannan ma na ƙarshen kaka ne aka samo da ƙyar.

"Ki gyara su, ki dafa su rabin dahuwa, ki soya niƙaƙƙen nama da albasa. In mun dawo daga asibitin ido ni zan haɗa. Kin san shi ai?"

"Na sani, Madam."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta farkon ce ta haife ta. Tana jin motar ta fita ta zaro 'yar ƙaramar wayarta ta kira Baba Sule. Sau bakwai ta kira, matar nan ta cikin waya tana ce mata ba a samun layin. Ta leƙa waje, ba kowa sai Malam Ado maigadi can bakin ƙofa yana gyangyaɗi, shi kuwa in ban da tuwon dawa me ya sani? Ta dawo ta tsaya a kan kwalin.

Sai ta ce wa kanta, haba Ladidi, ganye fa ne. Wace 'yar Kano ce za a ba ganye ta rasa yadda za ta yi da shi? Zogale tsinke shi ake a yar da itacen. Rama haka, alayyahu haka, kabeji ma ganyen ake ci a jefar da tushen. Ta yi bisimilla ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta shiga ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ta sa almakashi ta datse kowace ƙaya, don kada ta soki tsohuwa a baki. Wallahi aiki ta yi mai kyau, na tsakani da Allah, yatsunta har suka yi baƙi. Da ta kai can ciki sai ta tarar da wani gashi-gashi kamar gemun masara, a manne a kan wani tushe mai faɗi kamar murfin kofi, wanda yana shan iska ya fara dafewa. Ta ce yawwa, ga dattin nan. Ta tara su goma sha biyu cif a tsohon kwano tare da ɓawon albasa.

A gidan da Ladidi ta tashi ba a zubar da ɓawo a shara alhali akwai dabba a kusa, alhaki ne. Malam Ado kuwa yana da raguna biyu da yake kiwo a bayan ɗakinsa saboda babbar Sallah, kuma kullum ita ke kai musu ɓawon dankali yana sa mata albarka. Ta ɗauki kwanon ta je ta juye musu, ta dawo.

Ganyen ne ya fara ba ta tsoro. Ta yanka shi ƙanana ta zuba a tafasasshen ruwa. Rabin awa, ta ɗebo ta tauna, sai zare kamar ta tauna igiya. Ta ƙara wuta. Awa guda, yana nan yadda yake. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Sai ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi wa duk ganyen da ya yi taurin kai, ta kwance bakin zaninta ta ɗauko 'yar kanwa ta jefa. Ruwan ya yi kumfa, ya koma wani kore mai duhu, wari ya tashi. Ganyen ya saki jiki ya zama dagwalo, amma zaren yana nan.

A haka Lawal direba ya same ta. Madam ce ta aiko shi ya ɗauki tsohon gilashin idon tsohuwa da aka manta. Ya shigo neman ruwan sanyi, ya leƙa tukunya, ya dubi kwalin da ba komai, ya dube ta. Shekararsa ashirin a gidan, ya sha ganin Baba Sule yana wannan aiki.

"Yaya Ladidi, ina tushen?"

Ta ce wane tushe. Ya kwatanta da hannunsa, zagaye, mai faɗi. Ya ce ai shi ne abincin. Ganyen nan duk zubarwa ake, in ma an dafa shi ɗungurungum to ɗan naman da ke ƙasan kowane ganye kawai suke karta da haƙori bayan sun tsoma a man zaitun da lemon tsami. Gashin ake ƙwaƙulewa da cokali, sai ya bar ɗan kwano, a jefa shi a ruwan lemo don kada ya yi baƙi, a cikinsa ake ɗura naman.

Bai gama ba ta fita. Mace mai shekara arba'in da bakwai, ba takalmi, tana gudu a kan kwalta mai zafi, ma'aikatan kamfanin da ke jikin gidan, waɗanda suka fito cin abinci, suna kallonta ta cikin shingen waya. Ta faɗa garken ragunan a kan gwiwoyinta. Babban ragon yana tsaye yana tuƙa, hankalinsa kwance. Ta ture shi ta shiga tona ƙasa da dusa da kashin raguna da hannu biyu, tana innalillahi, tana kiran sunan Allah duk wanda ya zo bakinta. Malam Ado ya taso a rikice yana tambayar ko kuɗi ne suka faɗi. Ta samo ɗaya a ƙarƙashin kwanon ruwa. Ta samo wani a jikin katanga, an gatsi gefensa. Ta kama bakin ƙaramin ragon ta buɗe da ƙarfi, ba komai sai kore a haƙoransa. Goma sun tafi.

Lawal ya ce zai yi jinkirin minti talatin a hanya, ya ce wa Madam cunkoso ne, iyakar abin da zai iya ke nan. Ta roƙe shi ko akwai inda ake sayarwa, ko Sabon Gari, ko manyan kantunan nan, ko nawa ne. Ya girgiza kai. Ya ce na gwangwani ma sai an dace, kuma tsohuwa tana sansanawa za ta gane.

Ta wanke biyun nan sau biyar. Ta ƙwaƙule gashin, ta fere inda ragon ya gatsa da inda ya dafe, ta matse musu lemo, ta dafa, ta soya nama. Tana yi tana saƙawa tana kwancewa. Ta ce ruɓaɓɓu ta tarar a kwalin? Madam da hannunta ta duba su da safe. Ta ɗauki mayafinta ta gudu? Ta gudu ta je ta ce wa Malam Inuwa me?

Da suka dawo, Madam ta zaunar da tsohuwa a falo ta shigo kicin tana naɗe hannun riga. Ta ga faranti da abu biyu a tsakiya. Ta buɗe tukunya, ta mayar da murfin da sauri. Ladidi ta durƙusa har ƙasa ta faɗi komai, ba ta rage ba, har inda ta tsinto biyun. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba a rayuwarta. Ta ce mijinta ba ya iya numfashi. Ta ce a yanke mata albashin wata uku, ko shida, ta yarda, a yanka mata katin kawai.

Madam ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta daɗe tana kallon farantin.

"Da kin ce ba ki sani ba, minti biyu ya ishe ni in nuna miki. Na tambaye ki fa, Ladidi."

"Kin tambaye ni, Madam."

"Mama tana shan magani kala shida, akwai abin da in ta ci zai kwantar da ita. Gobe in na tambaye ki ko kin sa abu kaza, ki ce a'a, yaya zan yi in yarda?"

Gaskiya matar ta faɗa. Daga falo muryar tsohuwa ta taso, siririya, tana tambaya da Larabci, kuma ko ba a fassara ba an san me take tambaya. Madam ta rufe ido. Ta ɗauki farantin ta juye biyun a leda, ta ce ba za ta ba uwar mijinta abin da aka tsinto a garke ba. Ta haɗa da kuɗin kwana shida ta miƙa wa Ladidi, ta ce Allah ya ba maigidanta lafiya, sannan ta tafi falo ta faɗa wa tsohuwa.

A cikin a-daidaita-sahu, wajen Sharaɗa, Ladidi ta buɗe ledar ta gutsiri ɗaya, don ta san abin da ya raba ta da aikinta. Laushi kamar dafaffen gwaza, ɗan garɗi, ɗan tsami, shi ke nan. Ta kora da ruwan leda, sai ta ji ruwan ya yi zaƙi a bakinta kamar an sa sukari. Wannan ne ya sa ta kuka, ita ma ba ta san dalili ba. Matar da ke gefenta ta yi ta ba ta haƙuri, a zatonta rasuwa aka yi.

Bayan la'asar ta isa Panshekara. Tun daga zaure ta ji tarin, amma ba daga ɗaki yake fitowa ba. Malam Inuwa yana zaune a tsakar gida a kan turmi, sanye da farar rigarsa ta Juma'a da hula, an yi masa aski, leɓɓansa sun yi toka-toka, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Mutumin da rabonsa da bakin titi wata huɗu. Ta tambaye shi ina ya je a haka, wa ya ce ya fita.

Sai da ya huta tsakanin kalma da kalma ya gaya mata. Wai ya ji an ce ba a yanka kati sai da hoto, shi ne ya lallaba har bakin kasuwa wajen mai hoto, don kada gobe a ce ana jiransa ya ja mata jinkiri. Sau tara ya zauna a hanya, ya ƙirga. Ya zaro 'yar ambulan daga aljihu yana murmushi, ya miƙo mata.

"Duba ki gani, Ladidi. Guda huɗu ya ba ni. Sun isa, ko a ƙaro?"