Rubutun da Ke Kusurwar Talabijin

Talabijin ɗin ya sake ɗaukewa ɗif, daidai lokacin da Mai-zane ke jan layin bangon kicin. Ba abin da ya rage sai ɗan jan haske a ƙasa.

Zanen gidaje ne sana'arsa. Tun watannin baya ya sauke talabijin ɗin falo ya jona shi da kwamfuta, wai don layuka su fi girma. Matarsa ta yi ta mita an raba ta da kallo, ya mayar da abin wasa. Bai gaya mata abin da likitan ido ya ce ba: cutar da ta makantar da babansa ce, kuma daga gefe take fara cin gani. Bai ma koma asibitin ba, don tsoro.

Ya motsa linzamin kwamfuta, shiru. Ya buga madannai, shiru. Kwamfuta na ta hucinta, allo kuwa ko gezau. Yau kuma zai miƙa zanen nan. Ya riga ya canza wayar da ta haɗa su, ya hana kwamfutar yin barci, ya zare fulogi ya mayar. Sai ya kira mai gyara a waya.

"Kafin ya mutu, yana rubuta wani abu?" in ji mai gyaran.

"Ba ya rubuta komai."

"Ka tabbata, maigida? Irinsu sukan yi gargaɗi."

"Idona a kai yake tun safe! Ni zan yi maka ƙarya?"

Ya kashe wayar. Ya lalubo rimot ya kunna, zanen ya dawo kamar ba abin da ya faru. Ya ci gaba da aiki yana jiran duhun ya sake zuwa. Kowane ɗaukewa yakan tuna masa da babansa zaune a ƙofar ɗaki, yana tambayar wa ya shigo.

Bayan azahar ya ji muryar matarsa dab da kunnensa na hagu.

"Baban Auta, danna mana, zai mutu!"

Ya zabura har kujera ta yi ƙara. "Danna me?"

"Rimot. Ga shi nan ya rubuta zai kashe kansa in ba a taɓa shi ba."

"Ina?"

Ta nuna kusurwar hagu ta ƙasa. Sai da ya juya kansa gaba ɗaya sannan ya gani: akwatin rubutu ɓaro-ɓaro, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Ta ajiye tiren abinci ta karɓi rimot tana dariya. "Shi fa talabijin bai san kana aiki ba. In ya daɗe ba a taɓa rimot ba, sai ya ɗauka kowa ya tashi. Haka yake min ina tsakiyar kallo. Kai da ƙwace kayan mutane ba tambaya!" Ta shiga saiti ta kashe abin, ta miƙa masa.

Bai karɓa ba.

"Kullum yana rubutawa?"

"Kullum mana."

"Ke kuma tun yaushe kika shigo?"

Dariyar ta tsaya. "Na daɗe tsaye a gefenka. Na zaci fushi kake da ni."

Ta dube shi, ta dubi ƙaton allon da ya matso da shi har kusa da hancinsa. Ita ce ta yi jinyar surukinta, ta san farkon abin. A hankali ta ɗaga hannunta ta gefen hagunsa ta kaɗa. Idonsa bai motsa ba.

"Maman Auta," ya ce, "tsoro nake ji."

Ta rufe abincin, ta jawo mayafinta, ta ɗauki makullin motar da ke kan tebur.

"Tashi mu je asibiti," ta ce. "Ni zan tuƙa."