Ƙafar Magini

Ni tuƙin mota nake koyarwa, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da ni ya san ba na rufa-rufa. In ka taka totur a maimakon birki zan faɗa maka, ko da kai sa'an kakana ne. Wannan halin ne ya sa a gidanmu ake cewa ba ni da ta ido. Baba kaɗai ke tare mini faɗa. Sai ya ce, "Ku ƙyale mini Uwata, gado ta yi." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Baba magini ne. Ya daɗe da ajiye cokalin gini, amma har yau Magini ake kiransa a layinmu, kuma in ya wuce bangon da ya karkace sai ya tsaya ya yi tsaki. Ciwon suga ne ya zaunar da shi. Wata rana ƙusa ta soke shi a diddige, bai ma ji ba sai da Umma ta ga jini a takalminsa. Ɗan ciwon nan da aka raina shi ne ya zama gyambo. Ya yi rami, yana ruwa ba dare ba rana, ƙafar ta kumbura, zogi yana hawa har gwiwa.

Likitan da ya duba shi bai ɓoye mana komai ba, shi ya sa na so shi. Ya ce auduga da filasta ba za su ƙara yin aiki a nan ba. Akwai bandeji na musamman mai kama da soso da ake cusawa cikin ramin, a haɗa shi da wata 'yar na'ura mai tiyo wadda ke zuƙe ruwan ciwon, sannan nas ta riƙa zuwa gida tana canzawa. In ba a yi haka ba ciwon zai kai ga ƙashi, in kuwa ya kai ƙashi to sai dai a yanke ƙafar. Kayan sun fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Sa'ar da muka yi ita ce na sa Baba da Umma a inshorar lafiya ta wurin aikina.

Sai dai inshora ba ta ba da irin waɗannan kaya haka kawai. Sukan aiko da tasu nas ɗin ta gani da idonta: shin ciwon yana da zurfi, yana ruwa da yawa? Shin mara lafiyar ba ya iya taka ƙafar ya kai kansa asibiti? In ta ce e, sai su ɗauki nauyi. Ni ko a jikina. Wanda ya ga ƙafar Baba ai ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ranar da nas za ta zo ina da ɗaliba mai jarrabawar tuƙi, ba halin in bar ta. Da yamma ina shigowa gida ƙanshin turare da na sabulu suka tare ni tun daga ƙofa. An wanke labule, an canza zanen gado, har ƙyauren taga an goge. Umma tana zaune a falo tana fifita, fuskar nan fal annuri.

"Nas ta zo?" na tambaya.

"Ta zo, kuma mun fita kunya," in ji Umma. "Ina jin ƙarar motarta na yi maza na kwance tsohon bandejin na jefa a shara, na wanke ciwon tas, na cika shi da auduga, na naɗa sabo fari sol. Ko ɗigon ruwa ba ta gani ba."

"Ta buɗe ta duba?"

"Ta ɗan ɗaga. Na ce mata yanzun nan na ɗaure, kada a wahalar da shi."

Na leƙa ɗakin Baba. Yana kwance ya haɗa gumi, ya cije leɓe, amma da ya gan ni sai ya washe baki.

"Uwata, da kin ga mahaifinki yau. Na sa takalmi, na miƙe tsaf, na raka ta har bakin mota. Jakarta ma ni na riƙe mata."

"Ta tambaye ka jiki?"

"Na ce da sauƙi. Me zan ce wa 'yar mutane?"

Na tsaya na dube su, shi a gado, ita a bakin ƙofa, kowa yana jiran in ce sannu da ƙoƙari. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutanen nan biyu sun haɗa kai sun ci jarrabawar da faɗuwa ake so a yi a cikinta.

Ba a daɗe ba aka kira ni daga ofishin inshorar. Wata murya mai ladabi ta ce an duba, mahaifina yana tafiya da ƙafarsa, ciwonsa kuma a bushe yake, don haka bai cancanci kayan gida ba. Ya ci gaba da zuwa asibiti ana wanke masa.

Washegari na ajiye motar koyon tuƙi a gaban ofishinsu na hau bene. Na je da shirin faɗa, har na tanadi kalmomin da zan fara da su. Sai na tarar da wani jami'i mai sanƙo da tabarau, yana shan shayi a kofin da hannunsa ya karye. Ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba. Da na zo wurin da Baba ya riƙe wa nas jaka sai da ya ajiye kofin don kada ya ƙware.

"Baiwar Allah," ya ce, "ba laifin nas ɗinmu ba ne. Abin da aka nuna mata ta rubuta."

"Na sani. Ni ma da ɗalibi zai yi mini irin wannan tuƙin, lasisi zan ba shi."

Ya ce doka ta ba mu dama mu nemi a sake dubawa, amma sau ɗaya tak, kuma sai da takardar likita. In aka sake samun abin da aka samu, magana ta ƙare. Na ce masa ya sa ranar kawai, sauran aikin nawa ne.

Samun takardar likita bai ba ni wahala ba. Aikin yana gida. Na zaunar da su biyun na ce ga yadda za a yi: ranar da nas za ta dawo, ba wanda zai taɓa bandejin sai ita. Waɗanda aka cire kafin ranar kuma a tara su a leda a ajiye mata, ta ga yawan ruwan da ke fita.

Umma ta dafe ƙirji. "Ke, kina da hankali kuwa? Baƙuwa ta shigo gidana ta tarar da wari? Ta fita ta ce matar gidan ƙazama ce, ta bar mijinta yana ruɓewa?"

"Umma, ba zumunci ya kawo ta ba. Warin ta zo ji."

"Ni ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

Baba kuwa ya juya fuska bango. "Wato in kwanta kamar kayan wanki, yarinya sa'ar 'yata ta zo ta ga na kasa. Ni da na hau bene hawa biyar da buhun siminti a kafaɗa."

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," na ce. "Kai da kanka kake zagin maginin da ke shafa fenti a kan bangon da ya tsage. Ko ƙarya nake yi?"

"Kin iya baki."

"Ƙafar nake so. Ina son in riƙa ganin ka da ita, ko da ɗingishi ne. In kunya ce, ni zan ɗauke muku, ai an ce ba ni da ita."

Na ji tausayinsa ƙwarai, don na san abin da nake nema a wurinsa ya fi masa ciwon zafi. Amma ban janye ba.

Ranar ta zo, na ɗauki hutu. Tun da safe nake gadin Umma kamar mai gadin ɗan koyo a kan gangara. Sau biyu ina kama ta da kwalbar turare a hannu, ta ce wai gyara wa kwalbar wuri take yi. Da nas ta yi sallama, Baba ya yunƙura zai tashi, sai na zauna a kan gefen rigarsa. Ya harare ni, na harari silin.

Nas ɗin nan ce dai ta farko, gajeruwa mai saurin hannu. Ta gaida su, ta sa safar hannu, ta ɗauko almakashi ta yanke bandejin. Ya jiƙe sharkaf har ya ɓata zanen gado. Warin ya tashi ya cika ɗakin. Umma ta sunkuyar da kai kamar ita ta aikata laifin. Nas ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta auna faɗinsa, sannan ta ɗauki ɗan tsinke mai auduga a kai ta zura a ramin don ta ga zurfinsa. Tsinken ya yi ta shiga. Na ga ta daina murmushi. Na miƙa mata ledar tsofaffin bandeji, ta leƙa, ta ɗaure bakinta.

"Baba," ta ce, "da wannan ƙafar ka raka ni mota ran nan?"

"Baƙo ai ana raka shi, 'yata."

"To yau ba rakiya. Tambaya zan yi maka, kuma abin da ka faɗa shi zan rubuta. In kana son shiga banɗaki, yaya kake zuwa?"

Na buɗe baki zan amsa a madadinsa, sai na ga ban ma san amsar ba, don ni da rana ina wurin aiki, da dare kuma ina ɗakina. Baba ya dubi ƙafar, ya dubi nas. Bai dubi Umma ba.

"Da rana nakan dafa kafaɗar matata," ya ce a hankali. "Da dare ba na son tashinta. Sai in bari ta yi barci, in sauko ƙasa in yi rarrafe."

Nas ta rubuta abin da za ta rubuta, ta naɗa masa sabon bandeji, ta cire safar hannunta. Ta ce babu wata tantama, ya cancanta, za a kawo na'urar da kayanta cikin makon nan, kuma ita da kanta za ta zo ta ɗaura masa na farko. Ta ƙara da cewa ƙashin bai taɓu ba tukuna, an zo a kan lokaci. Ni na raka ta mota.

Da na dawo na tsaya daga bakin ƙofa, don na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa. Umma tana cire zanen gadon da ya ɓaci, tana jan shi a hankali ta ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ki yi haƙuri," yake ce mata. "Ban so ki ji wannan a gaban mutane ba. Ban so ma ki sani ba."

Umma ba ta ɗago ba. Ta naɗe zanen ta rungume shi a ƙirji.

"Malam, yaushe rabona da barci?" ta ce. "Kullum ina jin saukowarka. Juya baya nake yi don ka wuce."