Ta Cibiyar Faifai

"Miƙe ƙafafunki," in ji Malam Dabo.

Lailatu ta ɗan miƙe, amma ba duka ba. Tun da aka ce 'yan aji huɗu su yi layi bisa tsawo take tsaye da gwiwoyi a lanƙwashe cikin doguwar rigar makaranta, tana fatan a bar ta kusa da ƙawarta Tani.

Malam Dabo sabon malami ne, yau ya fara. Ya zo da wando mai buɗaɗɗen ƙafa da baƙin tabarau wanda ko a inuwa bai cire ba. Ya ɗora rula a kanta, ya duƙa ya dubi gwiwoyin.

"Wa kike ɓoye wa tsawon nan? Sato shi kika yi?"

Aji ya fashe da dariya. Lailatu ta cije leɓe ta miƙe, ta yi ta miƙewa, har ta wuce Tani, ta wuce sauran 'yan mata, ta wuce mazan ma. Ita kanta ba ta san lokacin da abin ya faru ba. Hutu kawai ta je ƙauye wajen gwaggonta, ta sha fura da nono wata biyu, ta dawo rigarta ta ɗage.

"Layin baya," in ji Malam Dabo. "Can ƙarshe."

Ta ɗauki kujerarta da kwanon abincinta ta tafi, kanta a sama.

Shekarar ce gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Yara suka ɓarko daga Ƙofar Durbi da ƙauyukan bayan ganuwa, wasu da majina, wasu da iyayensu mata na leƙe ta taga, suka cika ɗakunan karatu kaf. Sabon ginin da aka fara ya tsaya a kafaɗa yana jiran siminti. Don haka aka fito da aji huɗu ƙarƙashin babban bedi, wato dogon yaro, da ke bakin fili, aka buga ƙusa aka rataye allo, aka ce kowa ya zo da abin zama daga gida. Lailatu ta zo da kujerar kakarta Iya Baraka, 'yar tsugunno, wadda zama ya goge ta har tana sheƙi.

Daga layin baya ta ɗaga kai ta dubi allo. Babu allo. Akwai dai wani baƙin abu a jikin itace, da wani fari-fari a kansa kamar an watsa gari.

Haka duniya take a wurinta tun tana ƙarama. Abin da ke kusa yana da baki da gefe. Abin da ya yi nisa sai ya narke. Mutane a kan hanya launuka ne masu tafiya, shuɗi da ja da fari, suna shiga cikin juna suna fita. Sababbin motocin Fijo da suka cika gari bana, walƙiya ce kawai mai ƙara. Bedin ma dunƙulen kore ne mai numfashi. Tana son abin. Takan zauna a kan dakali ta yi ta kallo har ta manta an aike ta. Shekara uku tana zama a benci na gaba saboda gajarta, shekara uku tana zuwa ta ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayarta me take gani.

Ita ma ba ta faɗa ba. Babanta direban babbar mota ne, yana hanya kullum, maganar Iya Baraka ce magana a gidan. Iya kuwa tun ranar farko ta gindaya sharaɗi: "Duk ranar da takardar nan ta taɓa miki ido, ranar kin gama boko."

Malam Dabo ya buga rula a jikin itace.

"Ku saurara. Ku saba'in da uku ne, inuwar bedi kuma ba ta ɗaukar saba'in da uku. Hedimasta ya ce bayan hutun tara in rubuta lissafi goma a allo. Wanda ya kasa biyar, gobe ya kai kujerarsa aji uku."

Lailatu ta juya maganar a ranta. Aji uku. Ita, a tsakiyar ƙannen da ta riƙa koya wa ƙidaya, da wannan tsawon.

Ba a jima ba iska ta taso, irin ta ƙarshen damina, ta ɗaga allon ta kifa shi a ƙasa, ƙusa ta yi nata wuri. Malam Dabo ya dudduba.

"Doguwa! Zo nan."

Lailatu ta taso da sauri har tana tuntuɓe. Allah ya ji ta. Gaba za ta koma.

"Riƙe min shi. A'a, ta baya. Ɗaga sama, na baya su gani."

Ta tsaya bayan allo, hancinta na gogar katako. Duk ajin suna ganin rubutu sai ita da ta fi kowa kusa da shi. Tana jin allin Malam yana tafiya a ɗaya gefen, ƙir, ƙir, tana jinsa har cikin tafin hannunta. Ta lumshe ido tana ƙoƙarin gane harafi daga tafiyarsa. Wannan kamar bakwai. Wannan kamar agwagwa. Hannuwanta suka gaji, zufa ta gangaro mata ta bayan kunne, wata tururuwa ta hau ƙafarta tana yawo yadda ta ga dama. Ba ta sauke ba. Ta riƙe allon nan har aka kaɗa ƙarfen tara, Malam ya samo igiya ya ɗaure shi a reshe.

"Kina da ƙarfi," ya ce. "Koma wurinki."

Lokacin tara Tani ta zo ta tsuguna kusa da ita, suka buɗe kwanon ɗanwake. Iya ta rufo shi da faifan da ta saƙa da hannunta, mai zobe ja da kore. Tani guntuwa ce mai baki, kuma ita kaɗai ta daɗe da lura cewa Lailatu ba ta hangen nesa.

"Zan rubuta miki a takarda in miƙo baya," ta ce da baki cike.

"Ni ba na satar amsa."

"Wa ya ce amsa? Tambayar zan miƙo. An taɓa satar tambaya?"

"In ya kama ki fa? Mu koma aji uku mu biyu?"

"To ki faɗa mishi mana, ke ma da taurin kai kamar jakin mai itace."

"In faɗa mishi, ya faɗa wa hedimasta, hedimasta ya faɗa wa Iya. Sai ki zo ki same ni ina tallan faifai."

Tani ta lashe yatsa. "To mi za ki yi?"

"Zan duba," in ji Lailatu. "Sai na gani."

Da aka dawo, inuwa ta riga ta tashi. Ta janye jikinta ta taru a gindin itace, ta bar layin baya a rana. Malam Dabo ya rubuta lissafinsa goma bai karanta ko ɗaya ba, ya zauna a kan sabon babur ɗinsa ya harɗe ƙafa.

Lailatu ta rubuta sunanta. Ta rubuta kwanan wata. Ta ja layi da kyau. Sannan ta zauna. Ta matse ido har hawaye suka fito, garin nan da ke kan allo ya ɗan motsa ya koma yadda yake. Ko'ina fensirori na ta ƙarar tafiya. Rana ta sauka a kan farar takardarta tana dukan idonta. Ta jawo faifan ta kare fuska, don kada ma a ga hawayen.

A tsakiyar faifai, inda Iya take fara naɗi, akwai ɗan huji kamar na allura. Idonta ya faɗa kansa.

Bakwai.

Ga bakwai nan tsaye, da kaifinta, da 'yar sandar da Malam ya gitta mata a ciki. Ga huɗu. Ga alamar rabawa da ɗigonta biyu. Ta janye faifan, komai ya narke. Ta mayar, komai ya dawo, ƙarami, mai ɗan duhu, amma kowane abu da gefensa.

Ta ɗan karkata sama. Ashe bedi ba dunƙule ba ne. Ganye ne, dubbai, kowanne da bakinsa kamar zarto, kowanne yana rawarsa shi kaɗai. Can bayan fili ga ganuwa, ga tsagar da ruwan sama ya yi mata, ga wani ƙadangare yana gyaɗa kai. Wata mata tana wucewa da tulu, zanenta mai hoton tsuntsaye ne, kuma tsuntsayen suna da ido. Shaho na shawagi, fukafukinsa a rarrabe kamar yatsu. Ashe haka Tani take gani kullum, kuma take iya zama tana surutu.

"Saura minti goma," in ji Malam Dabo.

Ta dawo a firgice. Faifai a hagu, fensir a dama, ta leƙa ta rubuta, ta leƙa ta rubuta. Lissafin kansa ba komai ba ne. Tana kan na takwas aka fizge faifan daga hannunta.

"Mene ne wannan?" Malam Dabo ya juya shi gaba da baya yana neman rubutu. Ya kankare zoben da farce. Har sansana shi ya yi. "Tun ɗazu ina kallonki. Kowa na aiki, ke kina leƙena ta faifai kamar mai jiran baƙi. Mi kika ɓoye a ciki?"

Dariya ta tashi daga gaba ta gangaro baya. Lailatu ta miƙe tsaye, duka tsawonta.

"Ban ɓoye komai ba, Malam."

"To karanta min na tara."

Ta dubi inda allon yake. Garin nan ne kawai. Dariyar ta mutu da kanta. Tana jin idon Tani a kanta, tana jin muryar Iya a kunnenta.

"Ba ni faifaina," ta ce, "in karanta maka har wanda ka goge."

Wani ya ce kai. Malam Dabo ya tsaya yana kallonta, sannan ya miƙa mata. Ta kanga a ido ta karanta na tara, ta karanta na goma, ta ce a ƙarƙashin na uku akwai shida da ya fara rubutawa ya shafe da yatsa.

Ya karɓi faifan. A karo na farko tun safe ya cire baƙin tabarau, idanunsa ƙanana, na yaro, bai wuce a ce yayanta ne ba. Ya leƙa ta hujin ya daɗe. Ya dubi allo, ya dubi inda kujerarta take, kamar mai auna gona.

"Ku kuma me kuke kallo? An gama ne?" ya daka wa aji tsawa. Ya mayar mata da faifan. "Ƙarasa."

Ta ci tara cikin goma. Ɗayan da ta faɗi, ita ta sani, lokacin shaho ne.

Da aka tashi ya tsayar da ita a gindin bedi, ya rage murya.

"Tun yaushe?"

"Tun da nake."

"Gobe ki kawo kujerarki gaba, ta gefe, kada ki tare wa gajeru. Kuma akwai tabarau da ake yi don wannan, ba irin nawa ba, na gaskiya. Zan zo in ga mutanen gidanku."

"Kada ka zo, Malam."

"Don mi?"

"Za a ce takarda ce ta jawo."

Ya sosa ƙeya. "To faifai za ki yi ta riƙewa har sakandare?"

Ta ɗora kujera a ka ta kama hanya.

Ta bi ta cikin Ƙofar Durbi a hankali, cikin launukanta na kullum, shuɗi da ja da fari. Ta rabu da Tani a bakin famfo. Da ta shawo kwanar lungunsu sai ta hango abin da take hangowa kowace rana, wani baƙi-baƙi a ƙofar gidansu. Ta san Iya ce. Kullum nan take samunta, fuska a murtuke, faɗa a baki.

Lailatu ta tsaya. Ta ɗaga faifan.

Iya Baraka tana tsaye kan yatsun ƙafa, ta dafa bango, tana miƙa wuya. Da idonta ya faɗa kan doguwar yarinya mai kujera a ka, sai fuskar nan ta buɗe gaba ɗaya, har gibinta ya fito. Ta taɓa wata maƙwabciya da gwiwar hannu tana nuna mata yarinyar, tana faɗin wani abu, tana buga ƙirji. Sannan ta gyara ɗankwali, ta goge bakinta da hannu, ta tattaro girarta wuri ɗaya.

Lailatu ta sauke faifan ta ƙarasa.

"Sai yanzu?" in ji Iya. "Halan bokon ne bai ƙare ba? Dube ta, kamar sandar rake. Ba ni kujerata, tun safe a ƙasa nake zaune."

"Iya, na gan ki."

"Kin ga mi?"

Lailatu ta sauke kujerar, ta share ta da gefen rigarta, ta ajiye a inuwar zaure.

"Zauna, Iya," ta ce. "Ina da magana."