Kujerar Iya Sikira

Yusha'u bai daɗe da tarewa a gidan hayar da ke bayan layin dogo a Agege ba, mai gidan ta aiko masa ya nemi wani ɗakin kafin ƙarshen wata.

Murtala ne ya kawo saƙon. Ɗan ƙanin mahaifinsa ne, haifaffen Legas, Yarbanci a bakinsa kamar Hausa, kuma shi ya tsaya masa har aka ba shi ɗakin.

"Me na yi mata?" in ji Yusha'u. "Da sassafe nake fita dakon albasa a kasuwar Mile 12, sai yamma nake dawowa. Ko da kaza ban yi faɗa ba a gidan nan."

"Ta ce girman kai gare ka. Wai da ita da kujerar da take zaune a kai duk ɗaya ne a wurinka."

Iya Sikira, mai gidan, Bayarbiya ce mai matsakaicin shekaru. Mijinta direban tanka ne a Apapa, ba kasafai yake kwana a gida ba. Kullum tana bakin ƙofa a kan kujerar roba tana sayar da burodi, duk mai shiga da fita sai ya rusuna ya gaishe ta. Yusha'u kuwa, da ya hango ta sai ya sunkuyar da kai, ya raɓi bango ya wuce. A ƙauyensu na ƙasar Gumel haka ake yi wa matar mutum, musamman in mijinta ba ya nan. Shi a ganinsa iyakar ladabi ke nan.

Murtala ya yi dariya har da buga cinya. "Oga, nan ba Gumel ba ce. Gobe za ka gaishe ta."

"Kar dai ka ce in kwanta mata a ƙasa irin nasu. Wannan ba zan iya ba."

"Wa ya ce ka kwanta? Yi irin taku."

Washegari Yusha'u ya bar danfon farko, motar hayar da yake shiga zuwa kasuwa, ya wuce. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da kujerar, idonsa a ƙasa, Murtala na tsaye a gefe.

"Ina kwana, Iya."

Ta yi magana da Yarbanci. Murtala ya ce, "Wai da ita kake, ko da tururuwa?"

Da ƙyar Yusha'u ya ɗaga kai. Ranar ya fara ganin fuskarta: tabarau, da tsage a kumatu, kuma babu fushin da ya zata.

Murtala ya yi mata bayanin al'adar ƙauyensu. Ta saurara har ya gama, sannan ta yi magana a hankali, yana fassarawa. Ta ce da gaisuwar safe take sanin kowa ya tashi lafiya. Wanda ba ya gaishe ta, in ciwo ya kwantar da shi a ɗaki, ta yaya za ta san ba ta gan shi ba?

Yusha'u bai taɓa tunanin haka ba.

"Maganar ɗakin fa?" Murtala ya tambaye ta.

Ta ce gobe ma Yusha'u ya zo ya gaishe ta, sai ta gani.

Ya zo. Wata ya ƙare, ba ta sake tayar da zancen ba. Har yanzu sai ya cire takalmi in zai gaishe ta, ita kuma ta gaji da hana shi.