Makahon Shafin Farko

Duk wanda ya saba bin hanyar gadar Wudil ya san rumfar Labaran, ko da bai san sunansa ba. 'Yar rumfa ce ta kwano, da teburi da benci, inda yake sayar da katin waya da data. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun bai yi wayo ba, amma ta bar masa zuciya, kuma zuciyar nan ta Labaran, Allah ya sani, ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Ya yi makarantar makafi, ya kuma iya waya fiye da masu ido da yawa. Yatsansa ne ke yawo a kan gilashin, wata murya a ciki tana karanta masa duk abin da ya taɓa. Muryar ta Baturiya ce, in ta zo kan Hausa sai ka rantse tuwo mai zafi ne a bakinta, amma shi ya saba da ita.

Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, sadaka. Mu kuwa kun san halinmu, da mun hango makaho zaune a bakin titi hannu ya tafi aljihu, ko tambaya babu. Ranar Juma'a in kasuwar shanu ta kara ta cika, sai wani ya zo wucewa ya ajiye masa canji a teburi, ya yi gaba yana jin ya kafa tubalin gidansa a Aljanna. Labaran kan ɗaga murya ya ce, "Malam, dawo, ka manta kuɗinka!" Wasu su dawo da kunya, wasu su ce makahon nan girman kai zai kashe shi.

A wannan rumfa ya haɗu da Barakatu, wata bazawara daga Utai da ke kawo man gyaɗa kasuwa. Kati ta zo saye, ta biya kuɗinta, ta tsaya ta karɓi canjinta har ta ce bai cika ba. Wannan rigimar ce ta sa ya so ta. Da magana ta yi nisa sai ya je gaban mahaifinta, Malam Isiyaku, manomi ne dattijo mai magana ɗaya. Dattijon ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ba shi hannu, aka gaisa har aka gaji, sannan ya ce:

"Labaran, ni ban ƙi ka don ido ba, ido na Allah ne. Amma a zuriyarmu ba a taɓa cin abin roƙo ba. Mutum yana zaune a bakin titi ana ajiye masa, ta yaya zan bambance ciniki da sadaka? Barakatu ta ce ba ka karɓa, na ji. To amma gani ya kori ji. Kawo mini abin da zan nuna wa 'yan'uwana, in ce ga aikin surukina."

Ana cikin haka sai ga Khairiyya, wata yarinya da ta gama karatun kwamfuta a jami'a nan cikin gari. Wani ɗan kwangila, Alhaji Muhyiddeen, ya samu aikin gyara shafin intanet na ƙaramar hukuma, kuma a cikin sharuɗɗan an ce dole masu buƙata ta musamman su iya amfani da shi. Alhaji ya karɓi kwangila, ya jibga wa Khairiyya aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa ta rasa ta inda za ta kama, har aka kwatanta mata rumfar da ke kusa da gada.

Labaran ya buɗe tsohon shafin a gabanta, ya ƙara sautin wayar. Muryar ta ce hoto. Ya matsa gaba, ta ce hoto. Ya sake matsawa, ta ce maɓalli, ba ta faɗi na mene ne ba. Ashe duk sanarwar da ke ciki, ta ɗaukar aiki ce ko ta rabon taki, takarda ce aka ɗauka da kyamara aka liƙa. In makaho yana son takardar shaidar ɗan asalin yanki, sai ya nemi mai ido ya karanta masa, ya gaya masa sirrinsa kaf, sannan ya yi godiya.

"Kin ji abin da muke ji ke nan," in ji shi. "Gida ne aka gina mana ba ƙofa."

Khairiyya ta ce, "Wallahi, Malam Labaran, ban taɓa tunanin haka ba. Ka taimaka mini mu gyara. Nawa za a ba ka?"

Ya ce shi ba kuɗi yake so ba. Suna yake so. A rubuta a shafin, inda ake jera waɗanda suka yi aiki, cewa Labaran shi ne mai ba da shawara. Ta kai wa Alhaji maganar, Alhaji yana kan waya da wani ya ce, "Ba matsala." Wanda ya san 'yan kwangila ya san nauyin wannan kalma a bakinsu, amma Labaran ya ɗauke ta ya rungume. Har ya aika wa Tasi'u, ƙanen Barakatu, cewa in an ƙaddamar da shafin ya buɗe wa Baba ya gani da idonsa.

Aiki kam an yi shi. Sau tari Labaran kan rufe rumfa da hantsi, lokacin da ciniki ya fi tafiya, ya je ofishin Alhaji ya zauna kusa da kwamfutar Khairiyya. Ta sake buga sanarwoyin da rubutu na gaske, ta raɗa wa kowane maɓalli suna. Ya sa ta cire karkataccen rubutun nan da ake tilasta wa mutum ya kwafa kafin a yarda shi ɗan'adam ne. Bai tsaya kan makafi kaɗai ba. Ya ce kurame fa, a rubuta musu abin da ake faɗa a bidiyo. Tsofaffi masu raunin gani a ba su damar ƙara girman baƙaƙe. Wanda hannunsa ke rawa kada shafi ya rufe masa kafin ya gama cikawa. Amma inda ya fi kafewa shi ne kan hotuna.

"Kowane hoto ki rubuta abin da ke cikinsa, yadda waya za ta karanta mana. Gaskiya tsagwaronta, kada ki ƙara gishiri, kada ki rage. Duk ranar da kika ɓoye mana abin da masu ido ke gani, kin sake makantar da mu."

Ya maimaita mata wannan har ta haddace, tana tsokanarsa da shi.

Ranar ƙaddamarwa Alhaji Muhyiddeen ya kama wani ɗakin taro, ya gayyaci manya. Labaran ya sa sabuwar shadda wadda Barakatu ta zaɓa masa, ta ce shuɗiya ce. Ya cika wayarsa da caji, don Khairiyya ta ce za a ba shi dama ya nuna wa jama'a yadda makaho zai nemi takarda da kansa. A bakin ƙofa wani mai tarbar baƙi ya cafki gwiwar hannunsa, ba sallama, ya ja shi can gefe ya zaunar.

Labaran ya ji ƙarar sanduna da kekunan guragu da kukan goyo. Ya ce, "Malam, ba nan ne wurina ba. Da ni aka yi aikin nan."

"Ƙwarai kuwa, ai duk don ku aka yi. Zauna, za a zo kanku."

Ashe Alhaji ya aika da mota an kwaso naƙasassu daga Darki da Indabo da cikin gari, ƙarƙashin tsoho Auta, wanda makafin yankin ke kira Sarki. A wurin Alhaji, taron da aka ambaci naƙasassu kuma ba a raba komai ba, ai ba taro ba ne. Aka yi jawabai, kowa ya tashi sai ya ce abin tausayi, ya ce bayin Allah. Shafin da aka taru dominsa ko sau ɗaya ba a buɗe shi ba.

Can sai aka kira Labaran a lasifika. Ya miƙe da murna. Aka kai shi gaba, aka ce ga babban baƙo. Ya miƙa hannu don a gaisa, sai ya ji an ɗora masa abu mai nauyi a kan hannuwa. Ƙaramin buhun shinkafa ne. Saboda shaddarsa ta fi ta kowa kyau, shi aka zaɓa a fara da shi.

Jininsa ya tafasa. Ya buɗe baki zai ce Malam ka manta kayanka, sai ya ji an riƙe masa gefen riga ta baya. Tsoho Auta ne, wanda aka tsayar a bayansa a layi.

"Karɓi, ɗana," in ji tsohon cikin raɗa. "Ba a mayar da hannun kyauta baya. In ka kunyata su a gaban jama'a, mu za a hana. Akwai matan da ko karyawa ba su yi ba a cikinmu."

Labaran ya ji kukan goyon nan daga can gefe. Ya riƙe buhun. Bai fi ƙiftawar ido ba, kyamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas, aka tafa. Da aka tashi ya lalubi Auta a bakin ƙofa ya danƙa masa shinkafar, amma a lokacin masu hoto sun bi manya wurin cin abinci.

Washegari da safe ya zauna a rumfa ya buɗe shafin. Sai ga shi yana magana! Ya shiga wurin sanarwa, muryar ta karanto masa tiryan-tiryan. Ya shiga wurin neman takarda, kowane gurbi ya faɗi sunansa. Duk da ɗacin jiya sai da ya yi murmushi, don wannan aikin hannunsa ne. Ya gangara inda aka jera waɗanda suka yi aiki. Ya ji sunan Alhaji, ya ji na Khairiyya, ya ji na wasu mutane da bai taɓa jin ko tarinsu a ofishin ba. Jerin ya ƙare. Ya koma farko ko ya tsallake, sai yatsansa ya sauka kan babban hoton da ke saman shafin, muryar ta karanta da tuwonta a baki:

"Wani makaho sanye da shuɗiyar shadda yana karɓar buhun shinkafa na tallafi daga hannun babban baƙo."

Ya kira Khairiyya. Muryarta kamar ta wadda ta yi kuka.

"Na sa sunanka, wallahi na sa. Oga ne ya ce a cire, wai jerin na ma'aikata ne. Ya ce ai an ɗora ka a shafin farko, me ya fi wannan?"

"Rubutun da ke ƙarƙashin hoton fa? Shi ma oga ne?"

Ta ce, "Ni ce. Na daɗe ina kallonsa. Na so in rubuta wani abu daban. Amma kai ka ce kada in ɓoye muku abin da masu ido ke gani. In goge?"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Labaran ya nemi abin da zai kama ta da shi ya rasa, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

"Bar shi," ya ce. "In kin goge, makafi kaɗai kika rufe wa. Masu ido sun riga sun gani."

Ya rufe rumfa ya hau acaɓa zuwa Utai, yana fatan ya riga labari isa. Wa ya taɓa riga waya? Ai shi da kansa ya aika wa Tasi'u ya buɗe wa Baba.

Malam Isiyaku ya fito, aka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiyar hanya. Bai rage komai a gaisuwar ba, sai dai bai ba shi hannu ba. Daga bayan katangar zaure Labaran yana jin ƙamshin man gyaɗa da motsin awarwaro, ya san Barakatu na tsaye.

"Mun gani," in ji dattijon.

"Baba, ɗora mini aka yi. Ko gida ban kai ta ba. Ni na gyara shafin nan, a tambayi yarinyar da muka yi aikin tare."

"Ban ƙaryata ka ba, Labaran. Amma kai kana faɗa ne ina ji. 'Yan'uwana kuwa gani suka yi, tun jiya wayar ke yawo gida-gida. Da wane baki zan ce musu ba kai ba ne a cikin rigar?"

Ya tashi ya shiga gida. Labaran ya zauna yana harhaɗa maganar da zai ƙara. Da dattijon ya dawo, sai ya ji an ɗora masa ƙulli a cinya. Ya shafa, gero ne, kamar mudu biyu.

"Ga wannan, ba yawa. Allah ya buɗa maka ta wata hanyar."

Babu izgili a muryarsa, tausayi ne zalla, kuma da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Labaran ya mayar wa fatake kuɗinsu, ya mayar wa alhazai, amma ta ina zai mayar da hannun mutumin da yake kira Baba, a cikin zaurensa? Ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙullin.

"Na gode, Baba," ya ce.

A bayan katanga awarwaron ya yi ƙara sau ɗaya, sannan takun ya yi cikin gida.